Katin Bashi Da Yadda Ake Gyara Sunan Da Ya Ɓaci

Bashi hanji ne, in ji Bahaushe, yana cikin kowa. Abin da ya bambanta al'ummomi shi ne hanyar da kowace take bi ta rarrabe mai biya da mai cinyewa. A kasuwanninmu, daga Kantin Kwari har Kasuwar Kurmi, ana ba mutum kaya ya tafi da su ne saboda an san mahaifinsa, an san ƙofar gidansu, kuma akwai dattijon da zai ce ya tsaya masa. A Amurka, inda mutum kan tashi daga wannan jiha ya koma waccan ba tare da kowa ya san asalinsa ba, sun mayar da wannan shaida lamba mai alƙaluma uku, wadda zan kira makin biyan bashi. Da ita banki yake yanke shawarar bai wa mutum rance ko hana shi, da ita mai gida yake auna ɗan haya, kuma a jihohi da dama har kamfanonin inshorar mota suna leƙa ta kafin su yanka wa mutum kuɗi.

Dalilai biyu suka sa na ga ya dace mu tattauna wannan batu. Na farko, kowace shekara ɗalibaina da suka samu gurbin ƙaro karatu a can sukan zo neman shawara. Tambayoyinsu ba sa wuce biza da sanyi da inda za a samu naman halal, kuma har yau babu wanda ya taɓa tambayata game da wannan lamba, alhali za ta bi shi duk inda ya sa ƙafa. Na biyu, tsarin ya riga ya iso Najeriya, kuma yana ƙara kafuwa ba tare da akasarin mutanenmu sun ankara ba.

Makin da aka fi amfani da shi a Amurka shi ne na kamfanin FICO, wanda Bill Fair da Earl Isaac suka kafa a 1956. A 1989 kamfanin ya fito da makin da ake aiki da shi yanzu, mai farawa daga 300 ya tsaya a 850. Bayanan da ake lissafa shi da su suna hannun manyan kamfanoni uku masu adana tarihin bashin jama'a, wato Equifax da Experian da TransUnion, waɗanda bankuna ke aika wa rahoto kusan kowane wata. FICO ya bayyana yadda yake raba nauyin lissafin: kashi 35 cikin 100 na biya a kan lokaci ne, kashi 30 na yawan bashin da ke kan mutum, kashi 15 na daɗewar tarihinsa, kashi 10 na sababbin basussukan da ya nema, sauran kashi 10 kuma na ire-iren bashin da ya taɓa riƙewa. Mai karatu zai lura cewa albashi ba ya cikin lissafin, haka ma abin da mutum ya tara a asusun ajiyarsa. Ana iya samun direban tasi mai maki 800 da likita mai maki 580.

Lokacin da na isa can karatun digiri na uku, ina da aure, ina da aikin koyarwa na shekaru a gida, kuma babu mahalukin da yake bina ko sisi. A tunanina wannan ita ce cikakkiyar shaida. A ofishin masu ba da hayar gidaje wata mata ta duba kwamfuta ta ce ba ta ga komai a kaina ba. Na ce mata ai haka ake so. Ta girgiza kai, ta yi mini bayanin cewa a wurinsu wanda bai taɓa cin bashi ba baƙo ne da ba a san halinsa ba, don haka sai dai in ninka kuɗin ajiya ko in kawo wanda zai sa hannu a madadina. Ranar na fahimci cewa a wannan tsari sai an ga mutum ya karɓa ya mayar sannan ake shaidarsa.

Wanda ba shi da tarihi matsalarsa mai sauƙi ce idan aka kwatanta da wanda tarihinsa ya ɓaci. Akwai wani abokin zamanmu, ɗan wata ƙasa maƙwabciyarmu, mai karatun injiniya. Rasuwar mahaifinsa ta kira shi gida ba shiri, kuma rabon gado da hidimar ƙanne suka riƙe shi wata biyar. Ya bar bashin da bai kai dala dubu ba a kan katinsa. A ƙa'idar can, idan biya ya yi lattin kwana 30 banki na iya kai rahoto, sannan a sake rubutawa a kwana 60 da 90, kuma bayan kimanin wata shida banki kan ɗauki bashin a matsayin asara, ya miƙa shi ga masu karɓar bashi. Kafin ya dawo makinsa ya faɗo ƙasa da 600. Dokar da ke kula da rahoton bashi, wadda aka kafa a 1970, ta yarda irin wannan tabo ya zauna shekara bakwai a takardar mutum, wani nau'in karayar arziki da kotu ta tabbatar kuma har shekara goma. Bawan Allah nan bai taɓa nufin cin haƙƙin kowa ba, amma takarda ba ta da gurbin rubuta zaman makoki.

Wanda ya samu kansa a wannan hali hanyoyi biyu ne suka fi jan hankalinsa, kuma dukansu ba sa kai shi inda yake so. Ta farko ita ce ya sa almakashi ya yanke katin, ya rantse ya bar bashi har abada. Wannan na iya kwantar da zuciya, sai dai makin yana jiran sabuwar shaida ne, kuma idan babu sabon abin da aka rubuta, tsohon tabon ne kaɗai zai ci gaba da bayyana. Ta biyu ita ce ya ruga wurin kamfanonin da ke tallar za su wanke masa suna cikin mako biyu. Babu mai ikon goge bayanin da yake gaskiya kafin wa'adinsa ya cika, kuma tun 1996 dokar Amurka ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi kafin su kammala aikin da suka yi alkawari. Duk abin da za su yi bisa doka, mutum zai iya yi da kansa kyauta.

Abokin namu ya bi doguwar hanya, kuma na ga yadda ta kaya tun daga farko. Ya fara da neman rahotonsa daga kamfanonin uku, abin da dokar 2003 ta bai wa kowa damar samu kyauta aƙalla sau ɗaya a shekara. Karanta rahoton layi-layi ba ɓata lokaci ba ne, domin binciken da hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta fitar a 2013 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a ɗaya daga cikin rahotanninsa. Idan mutum ya ga bashin da ba nasa ba, ko wanda ya biya aka ce bai biya ba, yana da haƙƙin ya rubuta ƙorafi, kuma kamfanin yana da kimanin kwana 30 ya bincika. Daga nan ya tuntuɓi masu bin sa, suka daidaita a kan yadda zai biya, ya kuma nace sai an ba shi yarjejeniyar a rubuce kafin ya tura ko dala ɗaya.

Bayan wannan ne katin ya shigo. Tunda babu bankin da zai ba shi kati na yau da kullum, sai ya nemi katin jingina. Yadda yake aiki shi ne mutum ya ajiye kuɗinsa a banki, a ce dala 300, banki ya ba shi kati wanda iyakarsa dala 300 ce. Banki ba ya tsoron asara tunda kuɗin na hannunsa, amma duk wata yana kai rahoton yadda aka yi amfani da katin, kamar kowane kati. Abin da ya kamata a tambaya kafin karɓa shi ne ko bankin yana kai rahoto ga kamfanonin uku gaba ɗaya, da kuma nawa yake cira a shekara. Abu ɗaya tak ya ɗora wa katin, wato kuɗin layin wayarsa na wata-wata. Ya umarci bankinsa ya riƙa biyan dukan abin da ke kan katin kai tsaye kafin ranar wa'adi, sannan ya jefa katin a aljihun tebur. Da wannan ya rufe ƙofar mantuwa, wadda ita ce ta fi kayar da mutane a kashi 35 ɗin nan.

Kashi 30 na yawan bashi shi ne wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Abin da ake dubawa a kati shi ne nawa mutum ya ci daga iyakar da aka ba shi. Wanda iyakarsa dala 500 ce ya ci 450, ya cinye kashi 90, kuma lissafin zai ɗauke shi a matsayin wanda ruwa ya kai wa wuya, ko da kuwa ya biya duka a ƙarshen wata. Dalili shi ne yawancin bankuna suna kai rahoton adadin da ke kan katin ne a ranar da suka rufe lissafin wata, ranar da ke zuwa makonni kafin ranar biya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce kashi 30, kuma masu manyan maki sukan tsaya ƙasa da kashi 10. Wanda dole ta sa ya yi babbar sayayya sai ya biya mafi yawanta kafin ranar rufe lissafi. Daɗin wannan ɓangare shi ne a mafi yawan nau'o'in makin adadin da aka kai na baya-bayan nan ake dubawa, don haka wanda ya rage bashinsa yana iya ganin canji cikin wata ɗaya ko biyu.

Daga wannan lissafi ne ake gane illar rufe tsohon kati. Mutum yana da kati biyu, kowane iyakarsa dala 1,000, bashinsa gaba ɗaya dala 300. Ya ci kashi 15 ke nan. Idan ya rufe ɗaya, bashin bai ƙaru da ko sisi ba, amma ya koma kashi 30. Haka nan neman katuna barkatai. Duk lokacin da mutum ya cike takardar neman sabon bashi, ana rubuta cewa an bincike shi, rubutun yakan zauna shekara biyu, kuma tarin irinsa cikin ɗan lokaci alama ce ta wanda yake neman mafita ko ta halin ƙaƙa. A manyan kantuna mai karɓar kuɗi zai yi maka tayin rangwame idan ka buɗe katin kantin nan take. Rangwamen na rana ɗaya ne, don haka a yi godiya a wuce.

Babban ramin da ke cikin katin shi ne abin da ake kira mafi ƙarancin biya. A shekarun nan kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Mu ɗauki bashin dala 1,000 a kan kashi 24, wato kashi 2 kowane wata. Ruwan wata ɗaya dala 20 ne. Idan mutum ya biya dala 30 kawai, dala 10 ce ta ragu daga uwar kuɗin, saura ta tafi ga banki, kuma wata mai zuwa za a sake lissafi a kan 990. Saboda yadda wannan ya cinye mutane ne dokar 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar kowane wata tsawon lokacin da mutum zai ɗauka yana biya idan ya tsaya a kan mafi ƙarancin, ta kuma wajabta a ba shi aƙalla kwana 21 tsakanin aika takarda da ranar biya. Wanda ya saba biyan duka cikin waɗannan kwanaki ba a ɗora masa ruwa a kan sayayya. Cire tsabar kuɗi da katin kuwa ba shi da wannan sassauci, ruwansa yana farawa ne daga ranar da aka cira. Akwai kuma wata tatsuniya da ke yawo, wai sai an bar ɗan bashi yana kwana ana biyan ruwa sannan maki yake hawa. Ba gaskiya ba ce, kuma banki kaɗai take yi wa amfani.

Sannu ba ta hana zuwa. Watanni na farko abokin namu bai ga wani canjin kirki ba, har ya fara tunanin aikin banza yake yi. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni bankin ya mayar masa da kuɗin jinginarsa, ya mai da katin na yau da kullum. Kafin mu kammala karatu ya kama haya da sunansa ba tare da mai tsaya masa ba. Tsohon tabon yana nan a takarda har lokacin, amma nauyinsa yana raguwa gwargwadon tsufansa, yayin da watannin biya a kan lokaci suke ta taruwa a kansa.

Mai karatu Musulmi zai tambaya ina matsayin riba a cikin wannan duka, kuma tambayar tana kan hanya. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka gindaya sharaɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Wasu malamai, musamman masu ba da fatawa ga Musulmi mazauna ƙasashen Yamma, sun sassauta saboda buƙata, bisa sharaɗin a biya duka a kan lokaci. Hukunci na malamai ne, kuma ya kamata kowa ya zauna da malamin da ya amince da iliminsa kafin ya sa hannu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da katin ba yana da wasu ƙofofi, ko da yake sun fi ƙunci: akwai tsare-tsaren da ke kai rahoton biyan haya, kuma tun 2019 Experian yana bai wa mutum damar shigar da biyan kuɗin waya da lantarki cikin tarihinsa. Ko ma wane ra'ayi mutum ya bi, ya dace mu tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take magana. Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne muka yi sakaci da shi.

A nan gida katin bashi bai yaɗu ba, domin mafi yawan katunan da ke aljihunmu na cire abin da muka ajiye ne. Amma ginshiƙan tsarin sun riga sun tsaya. Akwai kamfanonin adana tarihin bashi uku masu lasisin Babban Bankin Najeriya, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Lambar BVN, da aka fara a 2014, ta ɗaure duk asusun mutum da sunansa ɗaya. A 2017 aka sa hannu a dokar rahoton bashi, kuma daga Agustan 2020 bankin da ke bin mutum yana iya karɓo kuɗinsa daga asusun da yake da shi a wasu bankuna. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP domin faɗaɗa bai wa ma'aikata rancen sayen kayan buƙata, a shekarar kuma asusun NELFUND ya fara bai wa ɗalibai lamunin karatu marar ruwa. Ɗalibin da ya karɓi wannan lamuni ya san cewa bashi ne ya ci, kuma shi ne shafin farko na tarihinsa.

Na ga ɗalibai suna karɓar naira dubu goma daga manhajojin rance na waya, su cire layin su jefar, suna dariya wai sun ci bulus. Wasu daga cikin waɗannan manhajoji suna kai rahoto ga kamfanonin da na ambata. Ranar da matashin zai nemi jarin miliyan biyu domin buɗe sana'a, dubu goman nan na iya tare masa ƙofa. Na kuma ga abokan aiki masu mutunci waɗanda rancen albashi ya ruftawa a yajin aikin jami'o'i na 2022, lokacin da albashi ya tsaya wata takwas. Waɗanda suka je banki da ƙafarsu tun watan farko, suka nemi a sake tsara musu biya a rubuce, sun fi samun sauƙi a kan waɗanda suka kashe waya suna jiran abin da Allah zai yi.

Ba na cewa wannan ma'auni adali ne ta kowace fuska. Matar da ta shekara ashirin tana zubin adashi ba ta taɓa saɓa rana ba, ba ta da maki ko ɗaya. Ɗan kasuwar da ake ba kayan miliyoyi da baki kawai, kwamfuta ba ta san da zamansa ba. Wanda rashin lafiya ta kayar da wanda almubazzaranci ya kayar, layi ɗaya ake rubuta musu. Idan masu tsara manufofinmu suna son tsarin ya yi wa jama'armu amfani, wajibi ne su nemo hanyar shigar da adashi da ƙungiyoyin gama kai da biyan haya cikin lissafi, kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su ƙara fito da ƙananan hanyoyin da matashi zai gina tarihinsa da su ba tare da ya shiga abin da yake ƙyama ba.

Kafin a kai ga haka, shawarata ga ɗalibi mai shirin tafiya da ma'aikaci mai zaune a gida iri ɗaya ce. Ka nemi rahotonka ka karanta shi ko da ba ka da niyyar cin bashi bana. Kada ka ɗora wa kati abin da ba ka da kuɗinsa a asusu a wannan ranar. Idan ka hango ba za ka iya biya ba, ka riga mai bin ka magana, kuma duk abin da kuka daidaita a kai a rubuta shi. Idan kuwa sunan ya riga ya ɓaci, ka fara da ƙaramin abu ɗaya da ka tabbata za ka iya biya duk wata, ka riƙe shi shekara biyu ba fashi. Allah Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, Ya ba mu ikon sauke wanda ke kanmu.